Tankin Baba Ba Zai Sha Baƙin Fenti Ba

"Yaya, ku bar mini babur ɗin Baba, da hannuna zan mayar da tankin nan kamar madubi kafin in yi tafiya." Ka gane maganar nan, Auta? Taka ce. A tsakar gida ka faɗe ta ranar rabon kayan marigayi, kana share hawaye da gefen riga, mu kuwa yayyenka muka yafe maka rabonmu a babur ɗin baki ɗaya. Na fara da ita ne don kada gaisuwa ta sa ka zaci wasiƙar daɗi ce.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa wa aikin da ya kai ka can albarka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har bakin ƙofa take takawa yanzu. Kawu ma yana nan, surutunsa bai ragu ba.

Ka san tankin Baba alminiyam ne tsirara, sai ɗan fentin nan marar launi da ake fesawa a kai don ƙyalli. Shi ne ya tsufa, ya yi rawaya, yana ɓarewa. Aikin ke nan: a cire tsohon a hankali, a goge ƙarfen. Kai kuwa, sarkin gaggawa, ka jiƙa sodar wanke bututu ka lafta wa gefen hagu, ka bi da burushin waya kamar mai kankare gindin tukunya. Soda cin alminiyam take yi, Auta. Da ka ga wurin ya yi baƙi ya yi ramuka, sai ka lulluɓe shi da tsohon bargo a ɗakin ajiya, ka ce mana yana bushewa, ka ɗauki jakarka. Da Umma ba ta nemi bargonta ba, da har yau yana bushewa.

Ɓarna kowa na yi, ba ita ta fi ƙona mini rai ba. Wayar da ka yi wa Kawu ce, a bayan idona, wai ya kai tankin wurin mai fenti a lafta masa baƙi mai kauri. Kawu ya shigo da murnarsa yana cewa ai baƙi ya fi ɓoye datti. Na ce masa ba datti ake son ɓoyewa ba, aikin ɗan ƙanwarsa ne. Ya ce to ni ina ruwana da ƙarfe, in koma wajen littattafaina. Na gode masa da shawara, na koma, na kuma karanto yadda ake yi.

Ka manta da abin da ke kusa da murfin tankin? Ƙananan lotsawar nan, inda Baba ke ƙwanƙwasa zobensa idan yana jiran mu fito a kai mu makaranta. Kai ne ma kullum ake jira, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Mai fenti zai cike su ne ya shafe, tankin ya fito sumul kamar na kowa. Don ka ɓoye kunyarka za ka binne hannun mahaifinka?

Saboda haka na fito da tankin baranda. Na tsiyaye sauran fetur, na bar shi a buɗe har warin ya fita. Na sayo maganin cire fenti, na karanta abin da ke jikin gwangwanin don in tabbatar ba ya cin alminiyam, wato abin da ya gagare ka. Na sa safar hannu, na shafa, na jira har tsohon fentin ya kumbura ya yamutse, na ɗebe shi da abin kankara na roba. Sai samfefa mai laushi da ruwa, ana bin hanya ɗaya, ba zagaye-zagaye ba. Farcena ya karye, hannuna kuwa mijina ya ce yanzu ya fi nasa kaushi. Na ce ya riƙe tiyo ya yi shiru. Gefen dama ya fito har ina ganin fuskata a ciki, da fushin da ke kanta.

Umma ta dogara sandarta ta fito, ta sa yatsa a kan lotsawar nan ta daɗe ba ta ɗauke ba. Abin da ta ce kawai shi ne: "Kada wanda ya rufe mini nan."

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan 'yan biyu da ƙaramar. Umma tana sa maka albarka, Yaya Babba da Goggo suna gaishe ka, Kawu kuma ya ce in faɗa maka shi ya cire hannunsa.

Gefen hagu ban taɓa ba, naka ne. Na ba ka zuwa Asabar ɗin ƙarshen watan gobe. In ka zo, ga safar hannu ga samfefa, ka zauna a baranda ka gyara abin da ka ɓata a gaban Umma, babur kuma naka ne. In rana ta faɗi ban gan ka ba, na janye kyautata, sauran yayyenka ma sun ce sun janye tasu sun ba ni. Zan goge gefen da kaina, iya abin da zai gogu, ragowar tabonka in bar shi a fili. Bakanike zai ɗaura tankin, ranar Litinin in hau in tafi aiki. Na riga na fara koyon tuƙi da babur ɗin mijina a filin bayan gida, har na daina faɗuwa.

Yayarka da ta goya ka, kuma ba ta wasa.