Kyandir Ɗin da Na Kunna wa Mai Rai

Manang Salud, don Allah ki taimake ni, ina cikin kunya kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Shekara ashirin da shida ina koyar da adabi a wata sakandare a Iloilo, ƙasar Filifin. Ina da kumare, wato aminiya ta coci, Pacing, wadda ta riƙe 'yata Divina ranar baftisma. Ita muka sake zaɓa ta zama ninang, uwar aure, a bikin Divina nan da mako uku.

A bikin waliyyin unguwarmu aka ɗora mini yin leche flan, wani kayan zaƙi na ƙwai da madara. Ya rushe a faranti, na yarda. Sai Pacing ta ɗauki hotonsa ta saka a zauren matan coci na waya, ta rubuta: "Malama ta karanta littafi dubu, saura na girki." Mata arba'in da ɗaya suka danna fuskar dariya. Na ƙirga su. Har da wadda na koya wa ɗanta karatu kyauta.

Ni da nake cika da kalmomi, ranar ban rubuta ko ɗaya ba. Na nemo hoton Pacing, na mai da shi baƙi da fari, na jera zanen wuƙa da na akwatin gawa da na kyandir a ƙasansa, na saka a shafina. Ba zan ce hannuna ne ya zame ba. So nake ta ji zafi.

Kin san abin da kyandir da baƙin hoto yake nufi a wurinmu: sanarwar mutuwa. Ɗanta Efren yana aiki a jirgin ruwa. Ya gani, ya yi ta kira bai samu layi ba, ya yi awa shida yana makokin uwarsa a tsakiyar teku. Wata maƙwabciya kuwa har ta ɗora tukunyar kofi don 'yan zaman makoki.

Jiya sammaci ya zo daga ofishin barangay, wato hukumar unguwa: Pacing ta kai ƙarata kan barazanar kisa. Ni, da ko kaza sai an yanka mini! Ashe zane uku za su iya kai mutum kotu? Su arba'in da ɗayan nan fa, dariyarsu ba laifi ba ce? Ina so in kai tawa ƙarar. Amma Divina ta daina yi mini magana, kuma rigar ninang tana rataye a ɗakina, ni na zaɓi yadin. Ba kotu nake tsoro ba, Manang. Kujerar Pacing a coci nake tsoron gani babu kowa.

Malamar da flan ɗinta ya rushe

*

Malama,

Na ji zafinki. An yi miki dariya a gaban jama'a kan abin da kika yi don coci, kuma aminiya ce ta fara. Pacing ba ta kyauta ba.

Amma ki ajiye batun "zane uku". Ke kike koya wa yara cewa alama tana magana. A fahimtata, alƙali ba ya tsayawa kan ko harafi ne ko hoto. Yana duba abin da mai hankali zai fahimta, da wanda aka aika wa, da abin da ya faru kafin nan, da niyyar mai aikawa. Wuƙa kusa da fuskar mutum, bayan faɗa, tana iya zama barazana. Ko taki ta kai ta zama laifi, lauya ne zai faɗa miki, kuma akwai na gwamnati kyauta. Ki gan shi kafin ranar zama. Ki sauke hoton daga shafinki, amma kada ki musa shi, an riga an ɗauka an ajiye.

Ƙarar mata arba'in da ɗaya kuwa, ki manta da ita. Wanda ya danna dariya ba a cika ɗaukarsa daidai da wanda ya rubuta ba, kuma gaskiya suka gani: flan ɗin ya rushe.

Ki lura, ofishin barangay Pacing ta kai ki, wurin da ake fara neman sulhu. Ban ga alamar tana jin tsoron wuƙarki ba. Awa shidan Efren ne suke cinta. Don haka shi za ki fara rubuta wa, da kalmomi, ba zanen fuska ko ɗaya. Sannan ki bayyana a shafinki cewa Pacing tana raye, ke kika yi kuskure. Inda kika kunna kyandir, nan za ki kashe shi.

Daga nan ki je gidanta kafin zaman, ke kaɗai. Ki ba da haƙuri ba tare da "amma ke ma" ba. Naki ƙorafin zai iya jira har bayan biki. Ki tafi da rigar ki miƙa mata, kada ki tambaye ta ko za ta sa. Ba zan yi miki alkawarin za ta zo ba, domin wannan nata ne. Idan ta janye ƙara ta ƙi rigar, ki karɓa, ki gaya wa Divina gaskiya.

Ki haɗa da flan. In ya sake rushewa, ki bar ta ta ɗauki hoto.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya kai Divina ɗakinta lafiya.

Manang Salud