Na Kulle Injinka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Umaru,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga mahaifinta, ko da yake na san ba zan ji amsa ba. Rani na biyu ke nan babu kai a gonar albasarmu ta Jiga Birni, ga shi wata magana ta hana ni sukuni.

Yaya Sani yana son sayar da tsohon injin ban ruwanka ya sayi sabo. A kasuwar Jega ya gan shi, wurin wani mutum mai daɗin baki. Wai ba ya shan mai, ba ruwansa da hasken rana, shi ke ba kansa wuta har abada.

Na je na gani. Mutumin ya kunna, ruwa ya fito daga tiyo, jama'a suka yi ta kabbara. Na ce ya bar shi daga azahar zuwa la'asar, ya ce injin yana son hutu. Na ce ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashi, ya ce sirrin kamfani ne. Ni dai batir nake zargi. Na ɗora hannu a jikin injin, na ji ɗumi.

Kai ka koya mini wannan, tun kafin in fara koyar da fiziks a Maiyama. Kakan kai hannuna kusa da injinka ka ce, "Taɓa ki jiya, ɗiyata. Zahin ga mai na, wanda ya ƙi zama ruwa." Shi nake gaya wa ɗalibaina har yau: ƙarfi kama yake sauyawa, ba a ƙirƙirarsa, kuma kowane inji sai ya zubar da wani ƙarfin a zafi da ƙara. To wanda ke zubarwa, ba a kuma zuba masa, ina yake samowa?

Yaya ya ce boko ta sa ba na yarda da komai, har ikon Allah. Wannan ta yi mini ciwo. Amma an riga an yi dashe, Baba. In aka yi kwana uku babu ruwa, albasar bana ta tafi.

Ka bar mini wasiyya in bi Yaya kamar yadda na bi ka. Shekaranjiya, yana Aliero, na sa aka kai injinka ɗakin Inna na kulle. Tun da ya dawo ko gaisuwata ba ya amsawa. Na saɓa maka, na sani, kuma ƙofar nan ba za ta buɗu ba sai ranar ban ruwa, ina tsaye.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya zuciyar ɗanka a kaina.

Ɗiyarka,
Hadiza