Rabin da Gara Ta Bari

Yaya Rahinatu,

Assalamu alaikum. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bara, ranar da Shafi'u zai bar Aliero, ya ba ni takarda in kai miki. Na buɗe, ta fi littattafan soyayyata daɗi, sai na ɓoye ta a rumbun albasa. Gara ta cinye rabi. Kina kuka wai ya tafi ba sallama, na yi shiru.

Ya ƙafar Inna? Nan Tunis lafiya lau, Gwaggo tana kula da ni, abinci ne dai ba ya shiga.

Jiya makaranta ta kai mu kangon Rumawa. Malama ta karanta mana wani fasasshen dutse mai rubutun Latin: "Ga masoyiyata..." Na ce, "Malama, sauran fa?" Ta ce, "Sai hasashe, wanda ya sani ya daɗe da mutuwa."

Ni ina raye, Yaya, kuma na haddace takardar duka. Na rubuta miki ita a bayan wannan wasiƙar. Cewa ya yi zai jira amsarki.

Kawu Labbo zai taho gida gobe. Sau uku ina fasawa, amma zan ba shi wasiƙar ya kawo miki.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Hafsat