Gyaran da Baba Ya Yi wa Ƙaton Goge

Auta,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ga ƙaton gogen naki na ba direba ya kawo miki, tunda kin ce da shi za a gwada ki ranar Asabar kafin ƙungiyar makaɗa ta ɗauke ki aiki.

Zaman da ya yi a shagona bai tafi a banza ba. Ubanki kafinta ne, ba ya ganin katako a wulaƙance ya kau da kai. Katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyin ko gam babu, na manna shi. Ramukan nan biyu na gabansa na toshe su saboda ɓeraye. Wani guntun itace da ke ƙwaram-ƙwaram a ciki na zaro shi na yar. Sannan na shafe shi da fenti, yana ta sheƙi.

Allah Ya ba ki sa'a.
Babanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Da na buɗe jakar sai na zauna daɓas a ƙasa. Kina gidan aka yi wannan aika-aika, ba ki ce uffan ba?

Na ja baka a kan tsirkiya, sai ka ce ana jan tebur. Yaya, sunan abin nan dabul bes, kuma daga muryarsa ya samo sunan: abin da masu babbar murya suka kaɗa, shi yake maimaitawa can ƙasa da su, har ki ji shi a ƙirjinki. Ta ramukan da Baba ya toshe muryar take fita. Guntun itacen nan kuwa shi ke tokare da gaba da baya, masu gyara suna ce masa ran goge. Marigayi malamina ne ya bar mini gogen nan, ba ni da wani. Mai gyara ya duba ya riƙe baki, ya ce ba zai taɓa ba sai ya san irin gam ɗin.

Don Allah kada Baba ya ji.
Ƙanwarki

Auta,

Na ga takardarki, na yi salati. Ni ina na san kan abin? Gani na yi ya yi kyau, har na taya shi riƙe gwangwanin fenti.

Ke ma ga abin da ba ki sani ba. Idon Baba ya tafi sosai, mutane sun daina kawo masa aiki. Da lalube ya yi wannan, kuma duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya nuna masa. Ya sa an goge masa kaya, wai ranar Asabar zai zo ya ji da kunnensa. Da na ce ya haƙura, ya tsare ni da tambaya har na fashe da kuka. Ki yafe ni, na faɗa masa.

Yayarki

Auta,

Ina gaishe ki. Na ji abin da na yi.

Ki gaya wa mai gyara gam ɗin na fata ne, ruwan ɗumi yana sakinsa. Fentin ne ban san dabararsa ba.

Ba zan zo ba, kada ki hango ni ki rikice. Ki je ki kaɗa, ko da na aro ne.

Allah Ya yi miki albarka.
Babanki