Ƙafar Wando Cike da Yashi

Arlit, daren Laraba

Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Da safe Malam Ila, direban da zai kai mu Cibarakaten, wurin haƙar zinariyar nan na cikin hamada, ya jinjina jakata ya dire. Ya ce, "Ɗan'uwa, a saman kaya za ka zauna fa. Ko wannan, ko bidon ruwanka." Na ji haushi, amma da gaskiyarsa.

Na dawo na zazzage komai a tabarma. Babbar kamara dai ta zauna gida. Ƙaramar ta ishe ni hotuna da bidiyon da zan sayar a intanet. Ƙarfen nan mai ƙafa uku ne na kasa bari, don ba mai sayen bidiyo mai rawa.

Ina ta tsaki, sai matata Hadiza ta yanke ƙafar wandon da nake shiga ramin haƙar ma'adinai na Akokan da shi a da, ta ɗinke gefe ɗaya. Ta ce, "Baban Nana, yashi za ka tarar can. Cika ka ɗora kamararka."

Na gwada a kan katanga, na ɗauki awakin maƙwabta. Ko gezau!

Tun da aka rufe ramin nake cewa ta jefar da wandon nan. Ga shi jibi zai koma aiki.