Kada Ki Ba Shi Raket Ɗin

Mas'uda,

Na iske kina barci, ban tashe ki ba. Na bi motar farko zuwa Rabah wajen gwaggonki Lami, sai la'asar in Allah Ya so.

Jiya kina gona Lukman abokin yayanki ya zo. Na ɗauka gaisuwar rasuwar yayanki ce ta kawo shi, tunda ko jana'iza bai zo ba. Har ɗakina na shimfiɗa mai tabarma. Ashe da wani yaro ɗan Goronyo ya taho, wai shi ne sabon abokin wasanshi na tanis, za su tafi gasa Kaduna. Ya ce, "Inna, ki ara muna raket ɗin marigayi, ajiye shi asara ce." Ko arba'in ba a yi ba, Mas'uda.

Shekara nawa sunka yi suna wasan bibbiyu, yayanki bakin raga, shi daga baya? Tare sunka ciyo kofi Legas. Kwano guda suka cin tuwona, shina ce min, "Kwantar da hankalinki, Inna, ni ka tsare mai baya." To mi zan ce? Na ce ya dawo yau.

In ya zo, kada ki ba shi. Raket ɗin shina ƙarƙashin gadona, naɗe cikin rigar da yayanki ya yi wasanshi na ƙarshe da ita. Kada ki yi mai faɗa. Ki kai mai ruwa zaure kamar kowane baƙo. Can zai tsaya daga yau.

Innarki