Cire Biyu

Zuwa ga ƙanena Zdravko, a Plovdiv,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na san ka daina ɗaukar wayata tun ranar jana'izar Baba, da ka ce a kai Mama gidan tsofaffi, ni kuma na kore ka a gaban jama'a. Shi ya sa na ba direban bas wannan takarda.

Ina cikin tsaka mai wuya. Shekara ashirin ina kula da kwamfutocin makarantar ƙauyenmu, yanzu an ce sai na ci jarrabawar haɗa na'urori ranar Juma'a, ko a sallame ni. In aikin nan ya kuɓuce, Jamus zan tafi jinyar tsofaffin wasu, Mama kuma ta ƙare a gidan da na kore ka a kansa.

Rabon lambobin adireshi, waɗanda ake gane kowace kwamfuta da su, shi ne ya gagare ni. Kwamfuta talatin da biyu gare mu, na yanko musu rukuni mai lamba talatin da biyu cif, na raba. Biyu suka ƙi aiki, ɗaya ma ta shugabar makaranta ce. Na ƙirga da yatsu, na ƙirga da ƙwayar wake, lissafina daidai yake. Sana'arka ce wannan. Don Allah kada ka rama yanzu, tsoro nake ji.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Yordanka

Yaya,

Na gaishe ki. Ashe akwai abin da ba ki sani ba a duniya.

Ƙirgarki daidai ce, rabon ne kika ɓata. A kowane rukuni, lambar farko da ta ƙarshe ba a ba kowace na'ura. Ki tuna gidanmu: mu takwas ne, amma yara shida. Na farko Baba, sunansa ne a ƙofa, da shi ake gane gidan. Ta ƙarshe Mama, takan tsaya a tsakar gida ta ƙwala kira ɗaya, duk mu fito shan miyar wake. To haka lambobin suke: ta farko sunan rukuni, ta ƙarshe ta kiran kowa. In rukunin ya tashi daga sifili zuwa talatin da ɗaya, naki daga ɗaya ne zuwa talatin. Girman rukuni ninkawa yake yi, don haka kwamfutocinki sai rukuni mai sittin da huɗu. Kullum ki cire biyu.

Ki gaida Mama. Har yanzu tana tayar da maƙwabta da muryar nan?

Sai na ji daga gare ki.
Zdravko

Ƙanena,

Gaisuwa da godiya. Na cire biyu, na ci. Aikina yana nan, Mama tana ɗakinta.

Ka tambayi muryarta. Wata biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana. Sau tara na kira ka a ranar. Girman kai ya hana ni sa labarin a takardar farko, kada ka ce ai dama ka faɗa.

Na karanta mata wasiƙarka. Da na kai wurin miyar wake sai ta juya ta kalli ƙofa, ta buɗe baki tana ta kokawa da harshenta. Sautin farkon sunanka kawai yake fita. Yau kwana uku ba ta daina ba.

Allah ya tsare.
Yordanka

Yaya,

Ki ce mata na ji kiran. Ina cikin bas ɗin Asabar. In da sauran lamba a gidan, ki bar min ɗaya.

Ƙanenki, Zdravko